Shin lokaci ya yi da za a kafa wurin cajin motocin lantarki a Kazaure?

Bakazaure_Mai_Gidan_Mai:
Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa na wannan zaure mai albarka, ina neman shawararku a kan wani lamari da ya daɗe yana yi mini yawo a zuciya. Ina da ƙaramin gidan mai a bakin titin da ya taso daga Kano ya ratsa Dambatta da Kazaure ya nufi Daura, kuma a gefensa akwai fili da ba na yin komai da shi. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ciniki ya ja baya, domin wanda a da yake cika tanki yanzu 'yan litoci yake saya ya lallaɓa. Ina jin labarin motoci da kekuna masu aiki da batir suna ƙaruwa a Legas da Abuja da Maiduguri, shi ne nake tunanin ko in zuba jarina in kafa wurin caji na jama'a a wannan fili. Shin ƙaramin gari irin namu zai iya ɗaukar wannan sana'a a yanzu, ko kuwa in dakata? Ina roƙon masu ilimin abin da waɗanda suka gani da idonsu su yi mini bayani tsakani da Allah.

Direban_Daura:
Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya sa albarka a niyya, amma ni da nake bin wannan hanya da fasinja tun ina yaron mota, ban taɓa cin karo da motar haya mai batir a kanta ba. Wanda zai sayi irin wannan mota mai hali ne da ke zaune a Kano, kuma a gidansa zai yi caji cikin dare. Daga Kano zuwa Kazaure kusan kilomita 80 ne, zuwa Daura da dawowa kuwa bai kai kilomita 300 ba. Idan har motar tana iya yin wannan tafiya da caji ɗaya, me zai sa ya tsaya a wurinka? Shawarata ita ce ka riƙe kuɗinka tukuna.

Injiniya_Sola:
Alhaji, kafin a shiga maganar masu saye, bari mu fara da wuta, domin ita ce tushen komai. Caja iri biyu ce. Akwai mai tafiya a hankali, wadda take jan kamar kilowat 7, kuma ana iya sa ta a kan layin wuta na gida idan wayoyin suna da ƙwari. Akwai mai sauri, wadda mafi ƙanƙantarta da ake sawa a bakin hanya take jan kilowat 50. Mu ɗauki Hyundai Kona, wadda kamfanin Stallion ya fara haɗawa a Legas, batirinta yana ɗaukar yunit 64. A caja ta farko za ta shafe awa tara zuwa goma kafin ta cika, a ta biyu kuwa cikin kamar awa ɗaya za ta kai kashi 80 cikin ɗari. Matafiyi ba zai zauna awa tara a gidan mai ba, saboda haka idan matafiya kake nufi, ta biyun ce ta zama dole.

To ita ta biyun wuta mai layi uku take buƙata, kuma a gaskiya tiransifomarta ta kanta take so. Tiransifomar unguwa yawanci mai 300 ce ko mai 500, kuma ta riga ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta. Ka ɗora mata kilowat 50 lokaci guda da magariba, kai da maƙwabtanka duka za ku kwana a duhu. Sannan sai ka bincika a wane rukuni layinka yake. Rukunin A ne aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, kuma su ne aka mayar wa yunit naira 225 a watan Afrilu 2024. Rukunin ƙarshe awa huɗu kawai aka yi masa alkawari. Cajar da ba ta da wuta a lokacin da direba ya iso da batirinsa a ƙasa ta fi rashin caja illa, domin da ya san babu, da bai taso ba.

Malamin_Kwalejin_Fasaha:
Ina goyon bayan Injiniya a kan lissafin wuta, amma ban yarda da Malam Direba ba cewa rashin ganin motocin a hanya hujja ce ta a naɗe hannu. Mutane ba sa sayen motar saboda sun san da zarar sun bar birni babu inda za su yi caji, masu jari kuma ba sa kafa wurin caji saboda ba su ga motoci ba. Dole wani ya fara, kuma a ganina wanda ya kamata ya fara shi ne wanda zai iya jure rashin riba na shekaru, wato gwamnati. Hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci ta ƙasa, lokacin da Jelani Aliyu yake shugabantarta, ta kafa wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021, sannan ta yi irinsa a Jami'ar Legas da ta Nsukka. An zaɓi jami'o'i ne domin ɗalibai su koyi aikin. Mu ma a nan muna da kwalejin fasaha ta tarayya ta Hussaini Adamu, mai sashen koyar da aikin lantarki, kuma ita ce wurin da ya fi dacewa a fara gwaji, a horar da yaran da za su iya gyara. Ba daidai ba ne a ɗora wa ɗan kasuwa ɗaya nauyin da ya rataya a wuyan hukuma.

Ɗan_Yerwa:
Malam, gaskiya ka faɗa, kuma abin da ya faru a garinmu shaida ne. A Maiduguri mun san zaman duhu fiye da kowa, domin tun daga Janairu 2021 da aka fasa turakun babban layin da ke kawo mana wuta ta Damaturu muka daɗe ƙwarai babu wuta, har sai da aka buɗe tashar iskar gas mai megawat 50 a Maris 2023. Duk da haka a wannan gari ne Mustapha Gajibo ya riƙa cire injin ƙananan motocin bas yana sa musu batir, yana cajinsu da sola. Daga baya gwamnatin Farfesa Zulum ta sayo tasi da bas masu lantarki da masu gas, aka ƙaddamar da su a Disamba 2023, kuma kuɗin shigarsu ƙasa yake da na sauran motocin haya. Abin lura shi ne motocin da wurin cajinsu tare suka zo, hannu ɗaya ne ya kawo su. Ba a kafa caja aka zauna jiran mota ta zo ba. Alhaji, idan za ka yi, ka fara sanin su wane ne za su riƙa zuwa maka kullum kafin ka sayi ko da waya ɗaya.

Mai_Adaidaita_Sahu:
Ranka ya daɗe Alhaji, ni ƙaramin mutum ne a cikinku, amma ku ba ni dama in ce wani abu. Duk maganar da ake yi ta manyan motoci ce, alhali mu masu keke mai ƙafa uku da 'yan acaɓa mu ne muke shan wahalar mai fiye da kowa. Kullum sai na cire kuɗin mai, na cire balas na mai keke, na ajiye na baƙin mai da gyara, sannan in ga abin da zan kai gida, kuma sau da yawa na mai ne yake cinye kaso mafi girma. Mu ba ma yin nisa, daga tasha zuwa kasuwa ne, zuwa asibiti, zuwa makaranta, zuwa ƙauyukan da ke kewaye. Da za a samu mai kawo keke mai batir a ba mu muna biya a hankali, kuma akwai wurin caji a cikin gari da muka tabbata ba zai yanke ba, wallahi da yawanmu za mu karɓa. Tsoronmu biyu ne kawai: batir ya mutu bayan shekara biyu a ce kuɗinsa ya kai rabin kuɗin keken, da kuma rashin makaniken da ya san kansa.

Injiniya_Sola:
Ɗan'uwa mai adaidaita ya kawo mu inda maganar take da nauyi. Batirin keke mai ƙafa uku yawanci bai kai yunit 10 ba, na babur kuwa uku zuwa huɗu ne. Yanzu ku kwatanta. Idan ana so a ciyar da caja mai kilowat 50 da sola kaɗai, ana buƙatar faranti mai wat 550 sama da 90, kuma wannan a tsakiyar rana ne kawai, ban da batiran ajiya da inbata. Amma faranti 20 irin waɗannan suna ba da kilowat 11, kuma da ranar da muke da ita a arewa za a iya samun yunit 45 zuwa 50 a wuni bayan an cire abin da yake salwanta. Wannan ba zai cika Kona ɗaya ba, amma zai cika keke biyar ko shida, ko babura goma sha wani abu. Jarin da zai zauna yana jiran baƙon da ba a san ranar zuwansa ba, shi ne zai iya ciyar da mutanen da suke wucewa ta ƙofar gidan man kowace safiya.

Akwai kuma abin da masu sayar da kaya ba sa faɗa. Ƙurar hunturu tana rufe faranti ta rage wutar da yake bayarwa sosai, saboda haka sai an tanadi ruwa da yaron da zai riƙa wankewa. Zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da muke haura digiri 40, yana tsufar da batir da wuri, musamman idan ana caji a cikin rana tsaka. Dole a yi rumfa mai shan iska, kuma a nemi batir nau'in LFP, domin ya fi sauran jure zafi kuma ya fi wuyar kamawa da wuta.

Direban_Daura:
Injiniya, lissafinka ya yi kyau a takarda, amma lokacin da rana take bayar da wuta shi ne lokacin da mai keke yake neman fasinja. Wa zai ajiye kekensa awa uku ko huɗu da rana yana kallon kuɗi suna wucewa? Idan kuma da dare za a yi caji, an koma ga batiran ajiya masu tsada ke nan, ko ga injin janareta.

Mai_Adaidaita_Sahu:
Yaya Direba, tsakanin azahar da la'asar, musamman a bazara, gari yakan yi tsit, da yawanmu a inuwa muke fakewa har rana ta yi sanyi. Idan aka ƙara mini ko da rabin caji a wannan lokaci, zai kai ni har bayan isha'i. Aikinmu ba irin naku na dogon zango ba ne.

Mai_Lissafi_Gumel:
Tun da an ambaci janareta, bari in sa alƙaluma domin kowa ya gani. Ƙaramar mota mai batir tana cin kamar yunit 16 a kilomita 100. A farashin naira 225 na Afrilu 2024 wannan naira 3,600 ke nan. Mai fetur irinta takan sha kamar lita 8, idan muka ƙaddara lita a naira 900, naira 7,200 ke nan, wato ninki biyu. Wannan rata ita ce dukan abin da mai caja da direba za su raba a tsakaninsu. Amma injin dizal yana ba da yunit uku zuwa uku da rabi ne a kowace lita, saboda haka yunit 16 zai ci kusan lita biyar ta man da ya fi fetur tsada, kafin a zo ga gyaran inji da ladan mai wuri. Duk ranar da Alhaji ya tayar da inji domin ya yi wa mota caji, ribar ta tafi, ko dai tasa ko ta direba. Ku tuna ƙarshen Oktoba 2024, lokacin da yawancin jihohin arewa suka shafe sama da mako guda babu wuta bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke zuwa ta Benuwai kuma ya samu matsala. Duk wanda ya dogara da babban layi kaɗai a wancan lokaci da ya rufe.

Bamaraɗe:
'Yan'uwa, mu a Maraɗi wutarmu ta layin Katsina take zuwa, kuma da Najeriya ta yanke ta a Agusta 2023 bayan juyin mulki, ba ta dawo ba sai a Maris 2024. A waɗannan watanni masu shagon cajin salula da suke da faranti a kan rufinsu su ne suka ci kasuwa. Ina ganin wurin cajin keke da babur a ƙaramin gari ta wannan hanya zai bi: mutum ɗaya da rumfa da 'yan farantai, yana sayar wa mutanen da ya sani da suna, yana ƙarawa a hankali gwargwadon ciniki.

Baƙo_A_Norwe:
Assalamu alaikum daga nesa. Ina zaune a wani ƙaramin gari a Norwe, ƙasar da a 2024 kusan kashi 89 cikin ɗari na sababbin motocin da aka sayar masu batir zalla ne. Abubuwa biyu nake so in ƙara. Na farko, har a nan yawancin mutane a gida suke caji cikin dare, cajar bakin hanya ta matafiya ce, kuma a farko ba ta mayar da kuɗinta. Gwamnati ce ta ba da tallafi domin a samu caja mai sauri aƙalla biyu a kowane kilomita 50 na manyan hanyoyi, kuma hikimar cewa biyu ita ce idan ɗaya ta lalace a samu ɗaya. Wannan yana ƙarfafa maganar Malamin kwaleji. Na biyu, mafi yawan wutar ƙasar daga madatsun ruwa take fitowa, kuma ba ta yankewa, don haka ba zan ce a kwaikwaye su ido rufe ba.

Sai kuma batun bakin caja, wanda ban ga an taɓo ba. Motocin Turai suna amfani da CCS2, waɗanda aka ƙera domin kasuwar Sin suna da GB/T, tsohuwar Nissan Leaf tana da CHAdeMO, motocin da suka fito daga Amurka kuma nasu daban ne. Najeriya daga ko'ina take shigo da mota. Alhaji yana iya kashe miliyoyi ya sa caja, mota ta farko ta iso, a tarar bakin bai shiga ba.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Alhaji da sauran malamai, ni ba ni da ilimin lantarki, 'yar kasuwa ce da take sarin kaya a Kantin Kwari. Abin da ya dame ni shi ne kuɗin mota da na keke, domin shi ne yake hawa kan farashin kowane turmi da nake sayarwa. Ina tambaya, idan mai keke ya samu sauƙin mai, mu fasinjoji za mu gani a aljihunmu, ko kuwa shi da mai caja ne za su raba? Sannan idan har za a yi wurin da mutum zai jira awa ɗaya ko fiye, a yi wa Allah a tuna da mata. A yi banɗaki mai tsabta, da wurin alwala da salla na mata daban, da inuwar zama. Wurin da aka yi wannan tanadi ko babu caja direbobi za su so tsayawa, kuma mai abinci da mai shayi za su biya Alhaji haya.

Ɗan_Yerwa:
Hajiya, a wurinmu sauƙin ya zo ne saboda gwamnati ce take da motocin kuma ita ta yanka farashi. Inda abin yake hannun 'yan kasuwa, kuɗin haya ba zai sauko ba sai kekunan sun yi yawa har sun fara gasa a tsakaninsu.

Sarkin_Tasha_Dambatta:
Ni fa ina ganin an tsallake wani mataki. Gwamnatin tarayya ta fi karkata ga iskar gas ta CNG tun 2023, kuma ana shimfiɗa bututun da ya taso daga Ajaokuta ya bi ta Kaduna zuwa Kano. Motar da direba yake da ita a yanzu ana iya juya ta ta koma shan gas, ba sai ya sayi sabuwa ba. Direbobin da nake hulɗa da su ba su da kuɗin sabuwar mota ko wace iri ce. Me zai hana Alhaji ya duba wannan?

Malamin_Kwalejin_Fasaha:
Yallaɓai Sarkin Tasha, ga motocin dogon zango maganarka tana da ƙarfi. Sai dai tashar gas jarinta ya fi na rumfar sola nesa ba kusa ba, kuma gas ɗin sai an ɗauko shi da babbar mota daga wani wuri, alhali rana a kan filin Alhaji take faɗuwa. Umarnin da ya cire harajin VAT a Oktoba 2024 ya haɗa da kayan gas da motocin lantarki gaba ɗaya, don haka ba a rufe ƙofar ɗaya domin ɗaya ba. Mu dawo kan tambayar da aka yi. Akwai hanyar da za ta warware damuwar Malam Direba game da jira, wato musayar batir: ɗan acaɓa ya kawo wanda ya ƙare, a ba shi cikakke cikin 'yan mintuna. Haka Ampersand yake yi a Ruwanda da Kenya, haka Spiro yake yi a Benin da Togo, kuma ya shigo Najeriya. Batirin na kamfani ne, saboda haka tsoron mutuwar batir da ɗan'uwa mai adaidaita ya ambata ya sauka daga kan direba. Illarsa ita ce batirin kowane kamfani babur ɗinsa kaɗai yake shiga, kuma mai wuri ya zama wakili ne kawai.

Injiniya_Sola:
Ƙari ɗaya a kan tsaro, Alhaji. Tururin fetur da tartsatsin lantarki ba sa zama wuri ɗaya. Rumfar caji ta yi nisa da famfunan mai da bakin tankunan ƙasa da inda tanka take sauke kaya, a yi mata waya mai shiga ƙasa yadda ya kamata, a sa abin kare tsawa saboda damina. Kuma tun da hukumar NMDPRA mai kula da harkar man fetur ce take ba gidajen mai lasisi, ka nemi izininta a rubuce kafin ka canza tsarin filin.

Bakazaure_Mai_Gidan_Mai:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Abin da na fahimta ya sa na jingine batun caja mai sauri a yanzu. Zuciyata ta fi kwanciya da rumfar sola ta keke da babura, tare da soket ɗaya mai kilowat 7 domin motar da za ta kwana a gari, da kuma gyaran da Hajiya ta nema. Zan zauna da shugabannin ƙungiyar masu keke in ji mutum nawa ne da gaske za su karɓa idan an samu mai kawowa bashi.

Direban_Daura:
Alhaji, har yanzu ina kan bakana. Farantai 20 keke shida kawai za su ɗauka, kuma ban ga yadda kuɗin cajin keke shida zai biya albashin mai gadi da mai wanke faranti, balle ya mayar da jari. Malam Mai Lissafi, don Allah ka fitar mana da shi dalla-dalla: nawa za a sayar da yunit ɗaya kafin Alhaji ya fita, kuma a wannan farashin nawa ne zai rage wa mai keke idan aka kwatanta da fetur?

Mai_Lissafi_Gumel:
Zan yi, amma sai Injiniya ya turo mini farashin faranti da inbata da batir na wannan makon a kasuwar Sabon Gari, shi kuma ɗan'uwa mai adaidaita ya faɗa mini lita nawa yake sha a wuni da kuma nisan da yake yi.